'Yar Mutumin da Aka Binne a Kusurwar Gona

A ƙarshen shekarar 1880 wasu iyali daga ƙasar Bohemiya, wadda a yau take cikin Jamhuriyar Cek, suka sauka a yankin Red Cloud da ke jihar Nebraska ta Amurka. Maigidan, Francis Sadilek, masaƙi ne a garinsu. Cikin 'ya'yansa akwai yarinya mai suna Anna, 'yar shekara goma sha ɗaya, wadda ba ta jin Turanci ko kaɗan. Ba su cika wata huɗu da sauka ba, a tsakiyar watan Fabrairu na 1881, uban ya kashe kansa. Ba a kai shi maƙabarta ba. An haƙa masa kabari a kusurwar gonarsa, daidai inda iyakokin filaye suka haɗu, wato wurin da kowa ya san hanyoyi biyu za su gitta juna nan gaba.

Duk wanda ya bi tarihin yadda al'ummomi suka ɗauki kisan kai zai tarar da cewa hankalin malaman addini da alƙalai da masana kusan kullum yana kan mamacin: shin mai zunubi ne, ko mai laifi, ko marar lafiya? Ni kuwa yarinyar da ta tsaya a bakin kabarin ce ta riƙe mini zuciya. Ta rayu shekara saba'in da huɗu bayan wannan rana, ta yi aikatau, ta yi aure, ta zama matar manomi, ta haifi 'ya'ya fiye da goma. Abin da rayuwarta ta koya mini shi ne, duk hukuncin da aka taɓa yanke wa wanda ya kashe kansa, a kan waɗanda ya bari yake sauka. Hausawa na cewa tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka. A wannan lamari kam, 'ya'yan da ke cikin sheƙa ruwan ya doka.

Ya kamata a fara da abin da ya kawo su. A 1862 gwamnatin Amurka ta yi dokar da ta ba duk wanda ya zauna a fili ya noma shi tsawon shekara biyar damar mallakar eka 160. Filayen kuwa na 'yan asalin ƙasar ne da aka kora daga cikinsu. Kamfanonin jirgin ƙasa su ma suna da filayen sayarwa, suka baza talla a Turai cikin harsuna daban-daban, talakawan Bohemiya da Jamus da Suwidin da Norwe suka yi ta kwararowa. Abin da tallar ba ta faɗa ba shi ne, ƙasar fetal take, ciyawa ce iyakar ganin ido, babu itacen gini, babu na girki. Sabon zuwa sai ya haƙa ɗaki a jikin tudu, ko ya yanka saman ƙasa mai saiwar ciyawa ya jera kamar tubali. A irin wannan rami iyalin Sadilek suka zauna. Maƙwabci yana can nesa, harshensa daban, cocinsa daban. Suka kuma yi rashin sa'a, domin hunturun 1880 zuwa 1881 yana cikin mafiya tsanani da aka taɓa gani a wannan yanki. Dusar ƙanƙara ta fara tun watan Oktoba, ta toshe hanyoyi wata da watanni. Mutumin da ya saba da hirar dare da jama'ar ƙauyensu ya wayi gari a cikin rami, ba sana'a, ba aboki, ga iyali suna kallonsa.

Kabarin da aka haƙa masa a kusurwar gona ya samo asali ne daga wata tsohuwar al'ada da baƙin suka tsallako teku da ita. Tun farkon ƙarni na biyar babban malamin Kirista Augustine ya yi bayanin cewa umarnin da ya hana kisa ya haɗa har da kashe kai. A taron malaman coci da aka yi a Braga a 561 aka yanke cewa ba za a yi wa wanda ya kashe kansa addu'o'in jana'iza ba. A ƙarni na goma sha uku Thomas Aquinas ya kawo hujjoji uku: aikin ya saɓa wa ɗabi'ar son rai, ya cuci al'umma, ya kuma shiga hurumin Ubangiji. Wannan shi ne ɓangaren malamai. Talakawa kuma suka ƙara nasu tsoron, domin sun yi imani cewa kurwar irin wannan mamaci ba ta kwanciya. Saboda haka a wurare da dama na Turai ake binne shi a mararraba, wai don ya ruɗe ya kasa gane hanyar komawa gida. A Ingila har turke ake kafa wa gawar.

Sarakuna ma ba a bar su a baya ba. A dokar Ingila, wanda ya kashe kansa da cikakken hankali babban mai laifi ne, kuma dukiyarsa ta hannu, wato dabbobi da kayan sana'a da kuɗi, ta zama ta sarki. A Faransa, dokar da Sarki Louis na 14 ya kafa a 1670 ta tanadi a yi wa gawar shari'a, a ja ta a titi fuska a ƙasa, a ƙwace abin da ya bari. A nan ne tambayar da ta dame ni take fitowa fili. Gawa ba ta jin kunya, ba ta jin yunwa, ba ta san an ja ta a titi ba. Wa ya ji kunyar? Matarsa da ta leƙo ta taga. Wa ya kwana da yunwa bayan an kora saniyar gidan zuwa garken sarki? Marayunsa. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. An ce ana yi ne don a tsoratar da na baya, amma abin da ake tsoratar da su da shi wahalar mutanen da ba su aikata komai ba ce.

Abin lura shi ne, waɗanda suka fara gane wannan zalunci maƙwabta ne, tun kafin majalisu su farga. A Ingila, idan mutum ya mutu ta hanyar da ba a saba ba, akan tara mazauna unguwa su bincika su faɗi musabbabin mutuwarsa. Daga ƙarshen ƙarni na goma sha bakwai sai waɗannan mutane suka riƙa cewa mamacin ba ya cikin hayyacinsa, domin wannan hukunci shi ne ke hana a ƙwace dukiyar gidan. Kafin ƙarni na goma sha takwas ya ƙare, mafi rinjayen hukunce-hukuncensu sun koma haka. Sun san gwauruwar, sun san yaran, ba su yarda a talauta su da hannunsu ba. A Amurka, William Penn ya sanya cikin yarjejeniyar mulkin Pennsylvania ta 1701 cewa dukiyar wanda ya halaka kansa ta matarsa da 'ya'yansa ce, kamar dai ya mutu mutuwar Allah da Annabi. Faransa ta cire kisan kai daga jerin laifuffuka a kundinta na 1791. Ingila ta bi baya sannu a hankali: ta hana binnewa a mararraba a 1823, amma ta ce a binne da dare tsakanin ƙarfe tara da sha biyu, ta daina ƙwace dukiya a 1870, ta yarda a binne da rana a 1882, sai a 1961 ta soke laifin gaba ɗaya. Cocin Katolika kuwa ta riƙe hanin jana'izar a kundinta na 1917, ta sauke shi a na 1983.

Wani abin mamaki shi ne, a shekarar da Sadilek ya mutu, wato 1881, wani matashin malami ɗan al'ummarsa, Tomáš Masaryk, ya buga littafi a birnin Viyena a kan kisan kai. Ya ɗauke shi a matsayin ciwon zamani wanda ke da tushe a cikin al'umma, ya danganta yawaitarsa da raunin imani da rikicewar rayuwar zamani. Wannan malami shi ne ya zama shugaban ƙasar Cekoslobakiya na farko a 1918. A 1897 Émile Durkheim na Faransa ya bi ƙididdigar ƙasashe ya nuna cewa adadin masu kashe kansu yana hawa ko sauka gwargwadon ƙarfin igiyar da ta ɗaure mutum da jama'arsa. Da Durkheim ya leƙa ramin Sadilek, da ya ga bayaninsa a zahiri: mutum an cire shi daga danginsa da harshensa da sana'arsa a lokaci guda. Sai dai ilimin da ake rubutawa a Viyena da Faris bai iso kusurwar gonar Nebraska ba. A can tsohuwar al'ada ce ta yi aiki.

Na san wannan labari ne a shekarata ta uku a jami'a, lokacin da aka sa mu karanta littafin My Ántonia na marubuciya Willa Cather, wanda ya fito a 1918. Iyayen Cather sun koma wannan yanki a 1883, tana 'yar shekara tara, kuma mutuwar Sadilek tana cikin labaran farko da ta ji. Abin ya zauna mata a rai har gajeren labarinta na farko da aka buga, a 1892, a kansa ta gina shi. A cikin littafin ta sauya sunan iyalin, ta nuna yadda maƙabartar 'yan Norwe ta ƙi karɓar gawar, yadda uwar da babban ɗanta suka dage sai a kusurwar gona, da yadda wani dattijo maƙwabci, wanda ba ɗariƙarsu ɗaya ba, ya tsaya ya yi addu'ar neman rahama. Ta kuma nuna cewa da aka zo shata hanyoyi daga baya, masu aikin sun ɗan karkata su, suka kewaye kabarin, ya zama tsibirin ciyawa a tsakiyar gonaki. A aji mun daɗe muna tattauna wannan karkata. Ni kuwa da na gano cewa yarinyar littafin mutum ce ta gaske, sai na koma bin sawunta.

Anna ba ta samu karatu mai zurfi ba. Mutuwar uba ta jefa ta aikin gona irin na maza tun tana ƙarama, daga baya ta shiga gari ta yi aikatau a gidan wani ɗan kasuwa mai suna Miner, inda ta saba da Cather. Wani ma'aikacin jirgin ƙasa ya yi mata alkawarin aure, ta bi shi, ya gudu ya bar ta da ciki. Ta dawo gida ta haifi 'yarta, ta riƙe ta a fili ba ɓoyo. A ƙaramin gari irin wannan, tabo biyu ke nan a jikin mace ɗaya: 'yar wanda ya kashe kansa, uwar ɗiyar da ba ta da uba. A 1896 ta auri wani ɗan ƙasarsu, John Pavelka, wanda shi ma ba a gona ya tashi ba. Suka kafa gona a arewacin yankin, suka dasa itatuwan marmari a ƙasar da mahaifinta ya tarar ba bishiya, suka gina ɗakin ƙarƙashin ƙasa na ajiyar abinci. Mijin ya rasu a 1926. Ta ga farin da ya cinye gonaki a shekarun 1930, lokacin da Cather ta riƙa aiko mata da kuɗi da kyaututtuka. A 1955, shekarar da ta rasu, ta amsa wasiƙar wata 'yar makaranta da ta tambaye ta labarin littafin. Da hannunta ta rubuta yadda suka zo da yadda mahaifinta ya mutu, ta ce yawancin abin da ke cikin littafin gaskiya ne. A cikin wasiƙar ta tuna shi yana saƙa da dare a ƙasarsu, cikin raha da walwala. Bayan shekara saba'in da huɗu, abin da ta adana ke nan: uba, mai sana'a, mai barkwanci. Daga baya an ɗauke ƙasusuwansa daga kusurwar gonar an mayar da su maƙabartar Red Cloud.

Wannan wasiƙa ta taɓa ni saboda na san yarinyar da ba ta samu damar faɗin irin wannan magana ba. A unguwar da na tashi, wani magidanci da ya baro ƙauyensu da iyalinsa saboda rashin tsaro ya mutu ta wannan hanya, ina aji biyu a sakandare. An yi masa sutura kamar kowa. Amma zaman makokin bai cika ba, mata suna shiga suna fita da sauri, kuma daga ranar aka daina kiran gidan da sunansa, sai dai a ce gidan da abin nan ya faru. 'Yarsa ajinmu ɗaya. Na ji da kunnena wata dattijuwa tana gargaɗin ɗanta cewa irin wannan abu jini yake bi. Yarinyar ta koyi yin shiru duk lokacin da muke hirar iyayenmu maza. Babu wanda ya ƙwace musu akuya, babu wanda ya binne mahaifinta a mararraba, amma mun kewaye gidansu da shiru, shiru kuwa ya yi aikin da turke yake yi.

Abin takaici, addininmu bai umarce mu da haka ba. Kisan kai haramun ne kuma babban zunubi, wannan ba abin jayayya ba ne. Amma mafi yawan malaman fiƙihu sun tafi a kan cewa Musulmin da ya kashe kansa ana yi masa wanka, a sallace shi, a binne shi a maƙabartar Musulmi, gadonsa kuma na magadansa ne. A cikin Sahihu Muslim akwai labarin wani mutum da ya yi hijira zuwa Madina tare da Ɗufailu ɗan Amru, garin bai karɓe shi ba, ya kamu da ciwo, ya kasa jurewa, ya ji wa kansa raunin da ya zama ajalinsa. Ɗufailu ya gan shi a mafarki an gafarta masa saboda hijirarsa, sai dai hannuwansa suna lulluɓe. Da ya ba Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, labari, sai ya roƙa wa hannuwan ma gafara. Baƙo ne, marar lafiya, nesa da gida, kamar Sadilek. Abin da aka yi masa addu'a ce. Babu kuma inda aka ce laifin uba ya hau kan 'yarsa.

Akwai kuma gadon da Turawan mulkin mallaka suka bar mana. Sashe na 327 na kundin laifuffukan da ake aiki da shi a kudancin Nijeriya, da sashe na 231 na kundin Final Kod na Arewa, sun tanadi ɗaurin da zai iya kai shekara ɗaya ga wanda ya yi yunƙurin kashe kansa. Ingila, wadda tunanin ya fito daga wurinta, ta soke nata laifin a 1961, mu kuwa muka ci gaba da riƙon waɗannan sassa fiye da shekara sittin bayan haka. Indiya ta sassauta nata a dokar lafiyar ƙwaƙwalwa ta 2017, Pakistan ta soke a 2022, majalisar Gana ta soke a 2023. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum fiye da 700,000 ne ke mutuwa ta wannan hanya duk shekara, kuma tana kira ga ƙasashe su daina ɗaukar yunƙurin a matsayin laifi.

Na san akwai masu cewa idan aka cire hukunci da tsangwama, an buɗe ƙofa ke nan. Wannan damuwa ce ta mutanen kirki masu son kare rai, kuma ta cancanci amsa. Amsata ita ce, mutumin da baƙin ciki ya rufe wa ido har ya daina ganin darajar ransa, tsoron kurkuku ba shi ne zai dawo da shi ba. Wanda dokar take tsoratarwa shi ne ɗan'uwan da ya tarar da shi da sauran numfashi, ya tsaya yana tunani ko ya kai shi asibiti ko ya ɓoye, kada 'yan sanda su shigo. Wadda tsangwamar take rufe wa baki ita ce amaryar da aka kai garin da ba ta san kowa ba, wadda take jin wani nauyi a ƙirjinta bayan haihuwa, ta kasa faɗa wa uwar mijinta don kada a ce imaninta ne ya yi rauni. Ciwon damuwa ciwo ne, yana da magani, kuma mutane da yawa da suka kai bakin ramin sun dawo sun rayu rayuwa mai albarka saboda wani ya saurare su a kan lokaci. Kiyaye haramcin abu daban, wulaƙanta wanda ya faɗa cikinsa da iyalinsa daban.

A yau yankinmu cike yake da irin su Sadilek. Manoma ne da makiyaya da rikici ya kora daga gonakinsu, suna zaune a kangaye da sansanoni a gefen birane, hannuwan da suka saba da fartanya suna jiran a miƙo musu abinci. Tare da su akwai matansu da 'ya'yansu mata, waɗanda za su ɗauki nauyin duk abin da ya biyo baya. An ce rai dangin goro ne, ruwa ake ba shi. Ruwan a nan ba wani abu mai tsada ba ne: a shiga a gaisa, a tambayi maigida yadda yake kwana, a ba shi aikin da zai mayar masa da mutuncinsa, a raka wanda ya fara maganar gajiya da duniya wurin likita maimakon a yi masa tsawa. Idan kuma ƙaddara ta riga fata, a cika gidan makokin, a ci gaba da kiran gidan da sunan mai shi, a nemi auren 'yarsa idan ta isa.

A Ingila an ɗauki shekara 138 daga hana binnewa a mararraba zuwa soke laifin, kuma a kowane mataki maƙwabta ne suka riga doka tausayi. Gyaran sashe na 231 da na 327 aikin 'yan majalisa ne, kuma ya kamata mu matsa musu su yi shi. Amma yadda za a karɓi gwauruwa da marayunta a unguwa ba ya jiran sa hannun kowa. Wannan a hannunmu yake, kuma daga gidan da ke kusa da namu zai fara.